Akwai Gajiya

Abin ya yi wuya. Na yi noma da yunwa a cikina, na yi dakon buhu a kasuwar Babura ina saurayi har kafaɗata ta yi kanta, na taɓa turo babur daga Roni zuwa Kazaure da rana tsaka, amma duk babu wanda ya ba ni wahalar da na sha a daminar da na ce zan daina ƙarya a cikin gaisuwa. Ban yi sata ba, ban zagi uban kowa ba. An tambaye ni ina gajiya, na ce akwai. Iyakar laifina ke nan, kuma saura ƙiris ya raba 'yata da mijin da take so.

Ni mai faci ne. Rumfata tana bakin titin da ya ratsa Kazaure ya nufi Daura, a ƙarƙashin wata darbejiya. Asalina wani ƙauye ne a ƙasar Gwiwa, can gonata take, can yayana yake zaune. Boko ban yi nisa ba, saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri.

Wanda bai yi faci ba bai san yawan gaisuwar da ke cikinsa ba. Kana durƙushe kana kokawa da tayar babbar mota, gumi yana shiga idonka, bayanka kamar an sa maka dutse, sai mutum ya sauko daga mota yana sakace haƙori ya ce, "Sannu da aiki, ina gajiya?" Kai kuma ka ɗago ka ce, "Ba gajiya." Haka na yi ta yi tun gemuna yana baƙi, ban taɓa jin komai a raina ba.

A gefena akwai wani ɗan bumburutu, mai sayar da fetur a kwalba. Shekara da shekaru muna tare, bishiya ɗaya, buta ɗaya. Ba ɗan'uwana ba ne, ba ma garinmu ɗaya ba. Rabin hirarmu faɗa ne a kan wanda ya ƙarar da ruwan butar bai cika ba. Wata safiya na iso na ce masa ina gajiya, ya ce ba gajiya. Na ce yaya gida, ya ce lafiya lau. Kafin Azahar ya kife a kan bencinsa da mazurari a hannu. Bayan La'asar mun dawo daga maƙabarta.

A wurin zaman makoki na ji ƙaninsa yana ba wani labari cewa ai ya yi watanni yana fitsarin jini. Matarsa ta sani, mai kemis ya sani. Ni da nake yini da shi har gwiwarmu tana gogar juna, abin da na sani shi ne lafiya lau.

Ranar sadakar uku aka kawo wani matashin malami, mai wayoyi biyu da turare mai hawa kai, ya yi wa'azi a kan ƙarya. Ya ce babu ƙaramar ƙarya. Ya ce ko ta wasa ce ana rubutawa, ko ta rarrashin yaro ce ana rubutawa. Jama'a rabi suna gyangyaɗi, rabi suna leƙen ko an fito da gumba. Ni kaɗai ne wawan da ya saurara. Na zauna ina tunani: in haka ne, to ni kafin in karya kumallo na riga na yi ƙaryar da za ta ishi ƙauye guda. Kuma ga wanda ƙaryarsa ta ƙarshe ni ya yi wa, yana kwance a ƙasa. Nan take na ɗauki alkawari tsakanina da Allah, daga yau duk wanda ya tambaye ni, abin da yake akwai zan gaya masa.

Na tashi daga wurin jikina sakayau. Na ɗauka Allah ne ya buɗe min ƙirji. A hanya ina kallon mutane ina tausaya musu, ga su nan suna ta gaisawa suna tara zunubi suna dariya. Har na fara tunanin ko rawani zai yi min kyau.

Wanda na fara gwadawa a kansa wani direban bas ne da ke jigilar Babura.

Ya ce, "Mai faci, sannu da aiki. Ina gajiya?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Akwai gajiya."

Ya ce, "To madalla. Duba min ta bayan nan, tana sacewa."

Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. Ashe ba mai ji. Wani ya ce yaya iyali, na ce ƙaramin yana zawo, ya ce masha Allah. Wani ya ce ina labari, na ce babu daɗi, ya ce haka ake so. Wani Alhaji da ko gilashin motarsa bai gama saukewa ba ya ce yaya jiki, na ce bayana yana neman kashe ni, ya ce Allah ya ƙara. Na ce amin, don na rasa abin cewa.

Mai shayin da ke tsallaken titi shi ya fara ji, shi ma don kunnensa ya saba farautar abin da zai sayar tare da shayi ne. Na je karyawa ya ce ina gajiya, na ba shi amsa. Ya tsaya da kofi a sama.

"Me ka ce?"

"Na ce akwai gajiya."

Ya juya wajen 'yan benci ya ce, "Jama'a, ku matso ku sha labari. Mai faci ya gano gajiya! Mu nan duk a kan katifa muke yini, shi kaɗai Allah ya ɗora wa aiki."

Na ce, "Kai ka tambaya."

"Na tambaya? Gaishe ka na yi, malam. In tambaya nake so ai asibiti zan buɗe." Ya zuba min shayin yana girgiza kai. "Ni dama na san za a yi haka. Mutum ya shekara yana ɗura wa tayoyi iska, ai dole wata rana ta shige shi."

Aka kwashe da dariya. Daga ranar wasu suka riƙa tsallako titi takanas don su gaishe ni, su koma su ba da rahoto. Ban damu ba. Na ce a raina, mutanen kirki na da ma haka aka yi musu.

Abin bai lalace ba sai da ruwa ya shigo ciki. Aka yi wani ruwa mai ƙarfi, katangar gidana ta gabas ta zube, aka aiko min daga Gwiwa cewa gerona yana kwance cikin ruwa. Da safe mun fito daga sallar Asuba, liman yana tsaye a ƙofar masallaci yana gaisawa da mutane. Dattijo ne, ya girmi yayana, ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba. Kowa ya zo sai ya ce masa yaya ruwa, a ce ya yi gyara. Ladan ya ce ya yi gyara, alhali ɗakinsa guda ya rufta a daren, da kyar aka zaro akuyarsa. Aka zo kaina.

"Malam, yaya ruwa?"

Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ya yi ɓarna."

Masu neman takalma suka daina nema.

Liman ya ce, "Subhanallahi. Rahamar Ubangiji ce ɓarna?"

Na ce, "Rahama ce, Allah gafarta Malam, ban musa ba. Amma katangata tana ƙasa. Yanzu haka awakin maƙwabta suna tsakar gidana suna duba abin da za mu ci."

Ladan ya ce a'uzubillahi, ya ja da baya kamar na taka kashi. Liman ya dube ni irin duban da ake yi wa tunkiyar da ta fara zagaye wuri ɗaya, ya ce Allah ya sawwaƙe.

Kafin rana ta take, unguwa ta gama yanke min hukunci. Wasu suka ce iska ce, mai shayi ya riga ya faɗa. Wasu suka ce ƙwaya na fara sha da tsufana. Wasu suka ce wata sabuwar aƙida ce ta shigo ta waya, wadda ba a yarda da godiya a cikinta, alhali wayata ko hoto ba ta nunawa. Mata suka ce sammu ne, har sun san wanda ya yi. A cikin duk masu binciken nan babu wanda ya tako ya ce min, kai wane, me ya gajiyar da kai?

Na nemi matashin malamin nan, tunda shi ya kunna wutar. Na same shi zai hau babur. Na kwashe komai na gaya masa, ina jiran ya ce jama'a su zo su ga mumini.

Ya ce, "A'a, Baba. Ai wannan ba ya cikin ƙarya. Wannan urfi ne."

"Mene ne urfi?"

"Al'ada ke nan. Abin da mutane suka saba."

Na ce, "To ranar nan me ya sa ba ka ce ban da urfi ba? Ka ce ko ta wasa ana rubutawa."

Sai wayarsa ɗaya ta yi ƙara. Ya ɗaga min hannu, ya kara a kunne yana cewa, "Lafiya lau wallahi, ba gajiya, ba gajiya," ya tayar da babur da ɗaya hannun ya tafi.

A nan ya kamata in tsaya. Mai wa'azin da kansa ya buɗe min ƙofar fita. Amma na riga na ɗanɗana daɗin zama mutum ɗaya tak mai gaskiya a Kazaure, kuma daɗin nan ya fi na tsire. Na ce malamin ma tsoron mutane yake ji. Na ci gaba.

To, ga 'yata. Ita ce ta fari, saboda haka ko sunanta ba na kamawa. Ta gama sakandare, ta koyi ɗinki, tana da kekenta a ɗaki, ba ta taɓa sa ni magana ba. Akwai wani yaro ɗan Roni, ma'aikacin lafiya, da yake zuwa wurinta. Ita ta kawo shi da kanta, ta bakin uwarta, kuma duk ranar da zai zo gidan nan har kaji sun san da zuwansa, don shara ake yi har bayan randa. Danginsa irin mutanen nan ne da suka gaji aikin hukuma, masu hula a tsaye. Sun riga sun je Gwiwa sun gaida yayana, tunda shi ne mai ba da ita. Saura bincike, a ji wane irin gida ne, akwai sata, akwai wani ciwo, akwai taɓin hankali. Kuma cikin duk mutanen Kazaure, wanda ɗan aikensu ya zauna a bencinsa ya tambaya shi ne mai shayi.

Yaron ya ɗauke ƙafa. Aka daina shara har bayan randa. Keken ɗinki da nake ji tun safe ya yi shiru. Can sai saƙo ya je wa yayana cewa baffan yaron yana so ya zo Kazaure ya gaisa da uban yarinya da kansa. Kowa ya san ba a haka. Mai neman aure wurin waliyyi yake zuwa, uba ko ganinsa ba a cika yi ba. Wannan ba gaisuwa ba ce, zuwa za a yi a duba ni kamar bijimi a kasuwa.

Yaya ya iso a kan babur, taɓo har gwiwa, da jarkar rubutu a ɗaure a baya da ƙullin hayaƙi a aljihu. Ko zama bai yi ba.

"Kai, me nake ji haka?"

Na ce, "Yaya, sannu da hanya."

"Riƙe sannunka. An ce ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce ruwa ya yi ɓarna."

"Ai kai ka aiko min cewa gero ya kwanta."

"Na aiko maka ne don ka sani, ban aiko maka don ka kai ƙarar Allah wurin liman ba!"

"Yaya, ƙarya kake so in yi?"

"Wace ƙarya? Gaisuwa ce, sakarai! Wa ya taɓa tambayar ka don ya ji? Tun kana yaro haka kake, a ce kowa ya bi nan, kai sai ka tsaya tambayar wa ya yi hanyar." Ya kwance jarkar ya miƙo min. "Shanye. Daga wurin mutumin da ya warkar da mahaukaciyar Yankwashi na karɓo."

Na sha, don ba a musu da Yaya, kuma dama ina jin ƙishirwa. Ya sa aka lulluɓe ni da bargo aka tura min kasko. Na fito ina tari, ina warin kifin banda. Ya dube ni ya ce, "Ina gajiya?" Na ce, "Yanzu ma ta fi." Ya ce a ƙaro garwashi.

Mai ɗakina ba ta sa baki ba sai da Yaya ya fita masallaci. Tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba.

Ta ce, "Malam, tun da aka kawo ni gidan nan kake ce min ina gajiya, ina ce maka babu. Ka ɗauka babu ɗin ne?"

Ba ta jira amsata ba.

"In kowa zai faɗi tasa a gidan nan, wallahi kai za ka fara neman takalminka. Mu ma mun iya. Bari muka yi." Ta buga rariyar a gefen ƙwarya. "Ka je ka yi ta gaskiyarka a bakin titi, amma ka san a kan wa take sauka."

Kashegari yarinyar ta kawo min abinci rumfa da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ajiye kwanon, ta zauna a kan wata tsohuwar taya, tana wasa da bakin hijabinta. Idanunta sun kumbura. Bakina ya riga ni, na ce mata ina gajiya.

Ta ce, "Ba gajiya, Baba."

Na buɗe kwanon na fara ci, motoci suna wucewa.

Ta ce, "Baba, idan sun zo..."

"Ina jin ki."

"Sau ɗaya ne kawai."

Ta jira na gama, ta ɗauki kwanon ta tafi. Na bi ta da kallo har ta tsallaka titi, na ga mai shayi ya bar abin da yake yi yana nuna ta da baki.

Suka zo bayan La'asar, hadari ya haɗu ta gabas. Baffan dattijo ne, tsohon ma'aikaci, farar babbar riga, tabarau, sanda mai kan azurfa. Ya zo da ƙaninsa, wanda tun da ya shigo bai ce uffan ba, aikinsa kawai kallon idona da hannuwana. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Yaya ya zauna dab da ni, inda hannunsa zai kai cinyata ba tare da an gani ba. Ta can ciki kuwa na san akwai kunnuwa a jikin ƙyaure.

Baffan ya gyara tabarau ya ce, "Malam, mun same ku lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Ina gajiya?"

Na ji yatsun Yaya sun sauka a cinyata suna jira. Na tuna alkawarin da na ɗauka, na tuna mai shayi yana nuna yarinyar da baki.

Na ce, "Ba gajiya."

"Yaya aiki?"

"Da godiya."

"Yaya iyali?"

"Lafiya lau."

"Ina labari?"

"Sai alheri."

Ya ce madalla, sai ya sake ɗaukowa daga farko. Ina gajiya. Yaya aiki. Ya juya ta, ya fara daga iyali ya dawo gajiya, ko zai kama ni a kwana. Ni kuwa abin da na yi shekaru ina yi ne ba tare da tunani ba, ko a barci aka tashe ni zan kawo shi daidai. Ƙanin nasa ya gaji da kallon hannuna ya koma kallon azara.

Sai ruwa ya sauko. Zauren nan nawa dama yana yoyo, na yi ta cewa zan hau in gyara. Kuma duk faɗin zauren, inda yoyon ya zaɓa shi ne daidai kafaɗar baffan. Ɗigo na farko ya sauka, jan ruwa mai ƙasa, a kan farar shadda. Na biyu ya bi shi. Ta ƙofar ciki kuma ana hango inda katangata ta zube, na kakkafa zana, iska tana kaɗa ta. Dattijon ya kalli kafaɗarsa, ya kalli zanar, ya kalle ni.

"Yaya ruwa?"

Wani ɗigon ya faɗo masa a hula.

Na ce, "Ya yi gyara, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ya yi gyara," ya ɗan matsa gefe.

Mu biyu, dattawa masu furfura, muka zauna ruwa yana zuba a tsakaninmu, mun yarda ya yi gyara. A nan ya tabbatar hankalina ƙalau yake. Ya juya wurin Yaya suka shiga maganar da ta kawo shi, aka ce a bari sai an kawar da amfanin gona a sa rana. Aka fito da goro, aka yi addu'a. Daga cikin gida na ji wata ta fara guɗa an toshe mata baki.

Da ruwa ya tsagaita muka raka su mota. Baffan ya riga ya sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ya waiwayo.

"Af, na manta. An ce mana maƙwabcinka na bakin titi, mai fetur, Allah ya yi masa rasuwa. An ce kun daɗe tare. Yaya haƙuri?"

Amsar wannan ma na san ta, yaron goye ma ya san ta. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Yaya ya kai hannu ta bayan riga ya murɗe min nama, a zatonsa ciwon ne ya dawo a ƙofar gida bayan an gama komai. Da kyar na ce, "Da godiya," muryata kamar taya mai sacewa.

Ya ce, "Allah ya jiƙansa," ya rufe ƙofa, suka tafi.

Ban ce dattijon nan daga zuciyarsa ya faɗa ba. Mai yiwuwa yana cikin abin da ɗan aikensu ya kwaso a bencin mai shayi, ya ga bai kamata ya koma da shi Roni ba a yi amfani da shi ba. Amma tun ranar da muka binne mutumin nan, shi ne na farko da ya ce min haka. Ta'aziyya ta 'yan'uwa ce. Wani wansa da ya zo daga nesa, wanda ya yi shekaru bai leƙo shi ba, shi aka shimfiɗa wa darduma yana karɓar yaya haƙuri. Ni ina cikin layi ina ba shi. Wanda kuka yi rabin rayuwa kuna faɗa a kan buta ba shi da tabarma a zaman makoki, kuma ba a ware masa gaisuwa ba. Sai na ga abin da na yi ta yi wata da watanni: ina tare mutane a hanya da gajiyata da zawon yarona da katangata, ko wani zai yi kuskure ya tambaye ni abin da ban san ma shi nake so a tambaya ba. Na ɗauka waliyyi nake zama, ashe kewa ce take cina.

Na ɗauki buta na zagaya bayan zana kamar mai kama ruwa. Na daɗe a can.

Da na fito, Yaya yana ɗaure jarkarsa a babur, fuskarsa fal murna. Ya ce, "Ka gani? Da ka shanye tun ranar farko da ba a kai haka ba." Ya tafi da ragowar, ya ce akwai wani a ƙauye da ya fara cewa tuwon matarsa ba daɗi. Mai ɗakina ta zuba min man shanu a miyata, abin da rabona da shi tun Sallah. Keken ɗinki ya tashi tun kafin a kira Magariba.

Alkawarin da na ɗauka kuwa, na karya shi a zaure a gaban shaidu, kuma ban ji ƙasa ta tsage ba. A sujadar Magariba na gaya wa Allah akwai gajiya. Na ga ai tun can ya sani, ba sai mai shayi ya sa hannu ba.

Da gari ya waye na fita rumfa da wuri. Teburin marigayin yana nan inda ya bar shi, da kwalabensa da mazurarinsa, duk sun yi ƙura. Mutum nawa suka zo neman wurin na kore su, na ce akwai mai shi. Na ɗebo ruwa a bahon da nake gwada tub ɗin taya, na wanke kwalaben ɗaya bayan ɗaya, na zuba su a buhu, na ɗaure teburin a bayan babur na kai gidansa. Na yi sallama, na ce a gaya wa matarsa ga kayan mai gidan, in ana so a sayar akwai mai so. Na dawo na ja injin iskata da bencina na mayar da su inda teburin yake, don inuwar wajen ta fi tawa, tun yana da rai na san haka.